Yaya za mu shawo kan mutanen unguwa su gwada sulhu kafin su tafi caji ofis?

Telan Kurna:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ni tela ne a Kurna, nan Kano, kuma ni ne sakataren ƙungiyar matasan layinmu. Shawara na zo nema.

A daminar bara maƙwabta biyu a layinmu suka saɓa a kan kwata. Ɗaya ya ɗaga dakalin ƙofar gidansa ya toshe hanyar ruwa, ruwan ya juya ya shiga soron ɗayan har katanga ta tsage. Gyaran gaba ɗaya bai wuce siminti buhu biyar da lebura biyu ba. Kafin ka ce kwabo matan sun daina gaisawa, yara sun dambace a bakin famfo, an fasa wa wani goshi, sai caji ofis. Daga nan beli, daga beli sai kotu, lauya, ɗage zama. Yanzu ɗaya ya sayar da babur ɗinsa, ɗayan ya ci bashi a wurin aiki, kwatar kuma tana nan yadda take. Mutanen da suka yi shekaru suna sahu ɗaya, yau ɗaya ya canja masallaci.

Wannan ya sa muka tashi da wayar da kai. Mun roƙi liman ya yi huɗuba a kan sulhu, ya yi. Mun buga takardu mun raba, mun yi taro a ƙofar gidan mai unguwa, mun tura saƙonni a WhatsApp. Kowa ya gyaɗa kai, kowa ya ce sulhu alheri ne. Ba a rufa wata ba wani mai shago ya kai abokin cinikinsa wurin 'yan sanda a kan bashi. Da na tare shi sai ya ce min: "Sakatare, in na je wurin mai unguwa haƙuri za a ba ni. Ni kuwa ba haƙuri na rasa ba, kuɗina na rasa." Wallahi na rasa abin da zan ce masa.

Tambayata biyu ce. Me za mu gaya wa irin wannan mutumin? Sannan in an yi sulhu a zaure, gobe ɗaya ya ce ya fasa, me ke riƙe shi?

Tsohon Magatakarda:

Wa alaikumus salam, ɗana. Na yi aikin rajista a kotu har na yi ritaya, kuma maganar mai shagon nan ita ce gaskiyar da takardunku ba su taɓo ba. Babu wanda ya jahilci falalar sulhu a Kano. Abin da mutane ba su sani ba shi ne sulhu yana iya dawo musu da haƙƙinsu, har ma da sauri fiye da shari'a.

Bari in faɗa maka inda raunin zaure ya samo asali. A da sarakuna suna da kotu, alƙalai da 'yan doka da gidan yari duk suna ƙarƙashin En'e, wato hukumar gargajiya ta sarakuna. Daga 1967 zuwa 1968 gwamnatin soja ta karɓe kotunan ta mayar da su hannun ma'aikatar shari'a, gyaran ƙananan hukumomi na 1976 kuma ya ƙarasa abin da ya rage. Tun daga nan mai unguwa da dagaci da hakimi ba su da ikon yanke hukunci, sai dai su sasanta. Talaka ya ga haka, sai ya koma wurin mai kaki, don shi ne mai iya kulle mutum. Alhali bashi da kwata da kuɗin haya ba aikin ɗan sanda ba ne, magana ce ta haƙƙi tsakanin mutum biyu. Wanda ya kai bashi caji ofis yakan fito da sabon bashi.

To me ke riƙe sulhu? Rubutu. In an daidaita, a rubuta: wane zai biya wane naira kaza, kashi kaza, daga ranar kaza zuwa ranar kaza. Kowa ya sa hannu ko ya dangwala, shaidu biyu su sa, mai unguwa ya buga hatimi, kowa ya tafi da kwafinsa. Wannan takarda hujja ce a gaban kowane alƙali. In kuma maganar tana kotu tuni, kamar ta masu kwatar nan, ba a makara ba. Su rubuta abin da suka amince a kai, a miƙa wa alƙali, ya karɓa ya mayar da shi hukuncin kotu. Daga ranar wanda ya saɓa, hukuncin kotu ya saɓa wa, ana iya zartarwa a kan dukiyarsa.

Akwai kuma abin da nake mamakin yadda mutanen birni ba su san da shi ba. Babbar Kotun Jihar Kano tana da cibiyar sulhu tata, wadda lauyoyi ke kira Multi-Door, an buɗe ta tun 2009. Legas ce ta fara a 2002, Abuja ta biyo baya. Ba sai alƙali ya tura ka ba, kana iya zuwa da ƙafarka. Mai shiga tsakani a can ba ya cewa kai ne da gaskiya ko kai ne da laifi, zama yake da ku, wani lokaci kowa shi kaɗai, har ku da kanku ku fito da mafita. Abin da aka faɗa a ɗakin a ɗakin yake tsayawa, ba kamar kotu ba da 'yan kallo ke cika benci. Ga 'yan kasuwa ma akwai dokar tarayya ta 2023 da ta ba yarjejeniyar sulhu ƙarfi, har ta ce lokacin da aka ɗauka ana sulhu ba ya cikin wa'adin shigar da ƙara. Ke nan wanda ya gwada sulhu bai rufe wa kansa ƙofar kotu ba. Wannan jumla ta ƙarshe, ita ya kamata ku buga da manyan baƙaƙe.

Maman Husna:

Baba Magatakarda, Allah ya ƙara girma, bayaninka ya gamsar. Amma ku bar ni in faɗi ta ɓangarenmu, don a irin zaren nan maza kan yi ta magana su manta da mu.

Ni malamar Islamiyyar matan aure ce, kuma abin da nake ji a aji ya ishe ni. Ga mace, kalmar "a yi sulhu" sau da yawa fassararta a aikace ita ce ki koma ɗakinki. Mace ta yi yaji saboda wata uku ba cefane, ko saboda duka. A tara dattawa, dukkansu maza, ita tana bayan labule ko ma ba ta wurin, kawunta ne bakinta. A ce wa miji "ka ji tsoron Allah", a ce mata "ki yi haƙuri, aljannarki tana ƙarƙashin ƙafarsa", a shafa fatiha. Babu wanda ya tambayi nawa zai riƙa bayarwa, babu wanda zai leƙo bayan sati biyu ya ga ko an cika alkawari. Ta dawo da kumburarren ido, a sake tara dattawan nan dai.

Shi ya sa za ku ga mata suna tsallake zaure su tafi ofishin Hisba, ba don sun raina manyansu ba, sai don a can akwai mata ma'aikata da za su saurare ta da bakinta, a kira mijin, a rubuta. Ku lura da wannan, Sakatare. In kuna son mata su yarda da zaurenku, ku nuna musu za a ji su.

Wani abu kuma da ba zan yi shiru a kai ba: akwai abin da ba na sulhu ba ne. A lalata yarinya 'yar shekara tara, sai manyan unguwa su taso da "a rufa asiri", a ba uban ɗan abin da za a ba shi, mai laifin ya ci gaba da zama a bakin layi. Duk ƙungiyar da za ta wayar da kai kan sulhu, ta fara da faɗin inda sulhu ya tsaya. In ba haka ba kuna gina wa azzalumai mafaka ne da hannunku.

Almajirin Zariya:

Malama ta yi gaskiya, kuma shari'a tana bayanta. Hadisin da malamai suka gina babin sulhu a kansa cewa ya yi sulhu ya halatta tsakanin Musulmi, sai dai sulhun da ya halatta haram ko ya haramta halal. Ayar Suratun Nisa'i kuma da ta yi maganar saɓanin ma'aurata cewa ta yi a tashi mai sasantawa daga danginsa da mai sasantawa daga danginta. Daga danginta, wato wanda zai tsaya mata, ba wanda zai taya a danne ta ba.

Shi kuwa mai shagonka, Malam Sakatare, ka ba shi labarin Ka'abu ɗan Malik. Yana bin wani sahabi bashi, suka ɗaga murya a masallaci har Manzon Allah (SAW) ya ji daga ɗakinsa. Ya ɗaga labule ya yi wa Ka'abu nuni da ya yafe rabi, Ka'abu ya ce ya yafe. Sai ya juya ga wanda ake bi ya ce tashi ka biya shi. Masu wa'azi sukan tsaya a kan yafe rabin, su manta da "tashi ka biya". Nan take aka ce ya biya, ba a ce sai Allah ya hore ba.

A gado ma haka. Ya halatta magaji ya karɓi kuɗi ya bar wa 'yan'uwa rabonsa na gida, amma sai an fara raba gadon an gaya masa abin da ya samu. A ce wa ƙanwa ta yafe wa yayyenta alhali ba ta san ko nawa ne rabonta ba, wannan cin dukiya ne da sunan zumunci.

Ɗan Maraɗi:

Salamu alaikum mutanen Kano. Mu nan Nijar rigimarmu babba ta manoma da makiyaya ce, kuma mun sha wuya kafin mu koyi darasi. Manyanmu ba su manta da abin da ya faru a Toda ba a 1991, nan jiharmu, inda aka kashe mutum fiye da 100, mafi yawa mata da yara. A 1993 aka fito da dokar karkara, aka kafa kwamitocin ƙasa da muke kira Kofo, tun daga ƙauye har sama. Su ke shata burtali da wuraren kiwo da mashaya, su ba da takardar gona.

Abin da zai amfane ku shi ne tsarin. In dabbobi suka yi ɓanna, ba a fara zuwa wurin jandarma ko gidan shari'a. Mai gari da arɗo ke fara zama, da wakilin manoma da na makiyaya, a je gonar a ga ɓannar da ido, a ƙiyasta. In an shirya a rubuta takardar shiri. In ba a shirya ba a rubuta takardar rashin shiri, da ita ake wucewa wurin sarki, daga nan alƙali. Kowace shekara kuma hukuma na sanar da ranar sakin gonaki bayan girbi, a faɗa a rediyo da kasuwanni, don kowa ya san daga yaushe dabba ke da damar shiga kara.

Ba na ce komai na tafiya daidai ba. Akwai mai garin da ke jin mai shanu fiye da mai gero, akwai kuma wanda ke yin akasin haka. Amma wayar da kan da na ga ta ci ba ta taro ba ce. Ranar da wani manomi a ƙauyenmu ya karɓi diyyar wakensa a gaban jama'a cikin kwana uku, ba tare da ya biya kuɗin mota zuwa birni ba, ranar mutane suka yarda. Ku nemi rigima ɗaya ƙarama ku gama ta sarai, labarin zai kai kansa majalisar masu shayi.

Telan Kurna:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Na karanta wa shugabanmu amsoshin nan a shago, ya ce mu fara da maganar mai shagon tunda ba ta kai kotu ba, kuma wanda ake bin bai musa bashin ba, lokaci yake nema. Baba Magatakarda, in ba damuwa zan turo maka abin da muka tsara na takardar yarjejeniya ka duba mana. Maman Husna, mun yi maganar sa mata biyu a kwamitin, amma wasu dattawa sun ce ba a saba ba.

Maman Husna:

Ba a saba ba, amma ai in rigimar ta cikin gida ce matan ne ke sanin farkonta tun kafin maza su ji. Kada ku tsaya jayayya da dattawa a kan zama a zaure ɗaya. Ku nemi unguwarzoma ko uwargidan liman da wata malamar Islamiyya, su zauna da mace a cikin gida su ji ta bakinta, su kawo wa kwamiti, kuma a karanta mata abin da aka rubuta kafin ta dangwala. Ku sa zaman da ya shafi mata tsakanin azahar da la'asar, don bayan isha'i da kuke taronku babu matar auren da za a bari ta fito.