Hoton belbela da shanu yana fitowa dishi-dishi, ina gyaran yake?

Sabon_Hannu:
Assalamu alaikum. Masana hoto, a taimaka da shawara. Kyamarata APS-C ce (mai matsakaicin sensa, wato farantin da ke karɓar hoto), gilashinta mai zuƙowa daga 70mm zuwa 300mm, kuma a Auto nake barinta. In na ɗauki belbela a bayan saniya, sai farin ya ƙone, ba a ganin gashinta ko ɗaya. In ta tashi kuma fukafukan su narke. Tumaki su ma kai yakan fito ƙato, jiki ya tsuke. Laifin gilashin ne?

Idon_Shaho:
Wa alaikumus salam. Malam, gilashinka ba shi da laifi, Auto ɗin ce. A kan APS-C, 300mm yana ba ka zuƙowar da kyamara mai babban sensa (full-frame) za ta bayar da 450mm in Nikon ko Sony ce taka, ko 480mm in Canon ce, kuma wannan ya ishi belbela da kurciya.

Juya kyamarar zuwa S, wanda Canon ke rubutawa Tv, don ka riƙe saurin ƙiftawa da kanka. Saniya tana kiwo, 1/500 na daƙiƙa ya wadatar. Tsuntsu a zaune, 1/1000, domin kansa ba ya tsayawa wuri ɗaya. Belbela a sama, 1/2000. Ƙananan tsuntsaye masu saurin kaɗa fiffike sai 1/3200. ISO, wato ƙarfin jin haske na kyamara, ka bar shi ya zaɓi kansa, amma ka yi masa iyaka a 3200. Saitin ido kuma, wato focus da ke sa abu ya fito tas, ka mayar da shi AF-C, ko AI Servo a Canon, don ya riƙa bin abin da ke motsi. A AF-S yana kamawa sau ɗaya ya kulle, tsuntsun ya matsa, kai kana ɗaukar inda ya bari.

Ƙonewar farin kuwa dalilinta daban. Ma'aunin haske yana kallon hoton gaba ɗaya. Ya ga baƙar saniya ko duhun ganye ya cika wuri, sai ya ƙara haske, belbelar ta biya kuɗin. Nemi maɓallin +/- ka sauke zuwa -0.7 ko -1. In tsuntsun yana sararin sama mai haske, akasin haka za ka yi, ka ɗaga zuwa +1, wani lokacin har +2, in ba haka ba inuwarsa kawai za ka samu. Kunna gargaɗin da ke sa wurin da ya ƙone ya riƙa walƙiya a allo. Ka kuma ɗauka a RAW, wato ɗanyen fayil da kyamara ba ta sarrafa ba: duhu ana iya farfaɗo da shi a kwamfuta, farin da ya ƙone ƙurmus kuwa ya tafi ke nan.

Uwar_Garke:
Na yarda da lissafin da ke sama, amma ɗan'uwa, lambobi rabin aiki ne. Da tsakar rana ko ka saita komai daidai, zafin da ke tashi daga ƙasa yana sa iska rawa tsakaninka da dabbar, kuma dogon gilashi yana tattaro wannan rawar cikin hoto. Ba maɓallin da ke maganinta. Ka fita awa biyun farko bayan fitowar rana ko awa biyun ƙarshe kafin faɗuwarta, rana tana bayanka, inuwarka tana nuna abin da kake ɗauka. A haka ne ɗigon haske yake faɗawa cikin idon tsuntsu, kuma shi ke sa hoto ya yi rai.

Ka lura da iska. Manyan tsuntsaye suna tashi suna sauka ne suna fuskantarta, to in iska da rana duk suna bayanka, gabansu za ka samu, ba jela ba. Kada ka nufi tsuntsu kai tsaye kana zuba masa ido. Ka bi ta gefe, taku kaɗan ka tsaya. Ya miƙe wuya ya daina cin abinci? Ka kai iyaka. Belbela ma ba sai an bi ta ba, ƙwarin da shanu ke tayarwa take bi, don haka ka zauna ta inda garken ya dosa ka jira. Sheƙa mai ƙwai ko 'ya'ya dai a bar ta, uwar tana iya gudu rana ta kashe su.

Mai_Sanda:
Maganar tumaki. Kan yana girma ne saboda ka matsa kusa kana tsaye a kansu. Ja da baya kamar mita 8 zuwa 10, zuƙo zuwa 135mm ko 200mm, ka durƙusa har gilashin ya yi daidai da kafaɗar dabbar. Daga sama ƙafafu gajarta suke yi. In garke kake so su fito tas, juya zuwa A (Av a Canon), inda kake riƙe ƙofar haske da kanka, ka rufe ta zuwa f/8. In ɗaya ce, f/5.6, ka ɗora saitin a kan idon da ya fi kusa da kai.

Ka nemi izinin mai dabbobi tukuna. Kada ka shiga tsakanin saniya da ɗan maraƙinta, kada kuma ka ɓullo ta bayanta daidai jela, nan ne ba ta gani, kuma harbinta ta gefe yake zuwa. Filasha a kashe.

Sabon_Hannu:
Allah ya saka da alheri. Amma ISO 3200 ba zai sa hoton ya yi yashi-yashi ba? Ko in sayi matokari mai ƙafa uku?

Idon_Shaho:
Zai yi kaɗan, amma manhajar gyara tana rage shi, hoton da ya girgiza kuwa ba ta iya masa komai. Matokari girgizar hannunka kawai yake tsayarwa, ba motsin tsuntsu ba, haka ma VR ko IS, na'urar rage girgiza da ke cikin gilashi. A 1/1000 da gilashi mara nauyi irin naka ba ka buƙatarsa: hannun hagu a ƙarƙashin gilashin, gwiwar hannu manne da haƙarƙari, ka ɗauki uku zuwa biyar a jere. Yawancin irin waɗannan gilasan suna ɗan laushi a ƙarshen 300mm in an buɗe su gaba ɗaya, to in haske ya isa ka koma M, inda kake saita sauri da ƙofar haske da kanka, ka sa f/8 da 1/1000, ISO ya ci gaba da zaɓar kansa.