Shirin damina a unguwannin Zariya: kowa ya kawo abin da ya sani

Sakataren ƙungiyar unguwa, Tudun Jukun
Assalamu alaikum jama'a. Hadari ya fara haɗowa, kuma kowa ya san a watan Agusta ruwa ya fi nauyi a Zariya. Hukumar hasashen yanayi ta ƙasa, NiMet, kan fitar da hasashen damina tun farkon shekara, hukumar lura da ruwan koguna, NIHSA, ta biyo baya da na ambaliya, amma yasar kwata da gyaran katanga namu ne. Ina roƙon masu sana'a da ma'aikatan da ke cikinmu, kowa ya faɗi abin da ake yi a fanninsa kafin ruwa ya kankama, da abin da ke ɓata aikin.

Bari in fara da kwata. Ana fitowa aikin gayya, a kwashe yashi da leda a tara a bakin kwatar, a watse, ruwan farko ya mayar da su ciki. In babu baro ko kura da za a kwashe sharar a ranar, a ɗage aikin. Sannan a fara yasa daga gangare, inda ruwan ke faɗawa rafi, a hauro sama. In aka fara daga sama, an buɗe wa ruwa hanya ne ya je ya taru a gidajen mutanen ƙasa. A zura gora cikin kowane kwalbati, domin bakinsa kan zama a buɗe alhali tsakiyarsa a toshe take.

Magini, Kwarbai
Wa alaikumus salam, Malam Sakatare. A cikin birni abin tsoro shi ne ginin ƙasa ya zauna wa mutane cikin dare. Katanga daga gindi take mutuwa. Ruwan da ke kwanciya a lungu da wanda indararo ke tsiyayarwa a jikinta su ke cin gindin har ta rasa abin tsayawa.

Abin dubawa guda huɗu ne. Gindin katanga: in ka danna da yatsa ya lotsa, ko ka ga farin gishiri-gishiri ya fito, ruwa ya shiga. Tsaga: wadda ta miƙe daga sama zuwa ƙasa a kusurwa, ko ta fi faɗi a sama, ta fi haɗari. Ka shafa mata ɗan siminti a wuri guda, in ya tsage cikin 'yan kwanaki to ginin yana motsi, a fitar da mutane daga ɗakin. Azara: a soka wuƙa a inda ta shiga bango, nan gara da danshi ke cinye ta ba a gani. Indararo: ya zarce bango sosai, a sa dutse ko fasasshen bulo a inda ruwan ke sauka, a yi masa hanya zuwa kwata.

Wani kuskure da ya yawaita shi ne shafe ginin ƙasa da siminti a ce an gama. Siminti ba ya kama ƙasa da kyau. Yana tsagewa, ruwa ya shige ta baya ya kasa fita, waje fes ciki kuwa ya jiƙe. Ka ƙwanƙwasa, in ka ji holoƙo a ɓamɓare a sake yaɓe. Haka soro: kowace shekara ana ƙara masa ƙasa ba a rage tsohuwa, nauyi yana ƙaruwa a kan azarar da ta tsufa.

Ba mu manta da ruftawar wani sashe na Masallacin Juma'a na fada a watan Agusta 2023 ana sallar La'asar ba, Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu. Tsaga a tsohon gini cikin damina ba ta jiran a tara kuɗin gyara.

Kafinta, Sabon Gari
Amin, Baba. A ƙara da iskar farkon damina, ta Afrilu da Mayu. Ba kwanon take cirewa kaɗai ba, da katakon take ɗagawa gaba ɗaya, saboda an ɗora shi a kan bango ba a ɗaure ba. A ɗaure kowane katako da langa-langa da aka binne cikin bulo, a buga kwano da ƙusa mai hula a kan tudun kwanon, a ƙara yawan ƙusa a gefe da kusurwa, don daga nan iska ke fara ɗagawa. Duwatsu da tayoyin da ake jibgawa a kan rufi su ke zama makami in iskar ta yi ƙarfi.

Ɗan agaji, Tudun Wada
Mu na bakin Kubanni sai mun lura da abu guda: ruwa na iya sauka ta wajen Samaru, nan ko yayyafi babu, rafin ya ciko. A kafa turken ƙarfe a bakin rafi inda ake hange daga tudu, a yi masa zane uku da fenti. Na farko a sanar, na biyu a fitar da tsofaffi da yara da dabbobi, na uku kowa ya fita. Mutum biyu su riƙa dubawa da tocila duk daren da aka yi ruwa mai yawa, lambarsu na hannun mai unguwa da ladan. Lasifikar masallaci ita ce ta fi saurin tada unguwa, amma sai batirinta na da caji, tunda wuta kan ɗauke da zarar hadari ya taso.

A tsayar da wurin taruwa tun yanzu, makaranta ko masallacin da ke kan tudu, a san wanda ke riƙe da mukulli. Kada kowa ya ratsa ruwa mai gudu. Santimita 15, wato ɗan sama da idon sawu, na iya kayar da babba, santimita 30 na iya ɗaga ƙaramar mota. 'Yan acaɓa da almajirai a ja musu kunne musamman. Lambar gaggawa 112 ce, kuma mai unguwa ya riƙe ta jami'in hukumar agajin gaggawa ta jiha (SEMA) na ƙaramar hukuma.

Mai shago, Muciya
Buhun yashi fa? Wasu na cewa ɓata lokaci ne.

Injiniyan ruwa, Samaru
Yana aiki, Alhaji, in an jera daidai kuma ruwan bai kai gwiwa ba. A zuba yashi rabin buhu ko ya ɗan ɗara, kada a cika, don cikakken buhu ba ya kwanciya. A naɗe bakin a ƙarƙashi, a jera kamar bulo ta yadda na sama zai rufe haɗin na ƙasa, a tattake kowane layi. A shimfiɗa leda mai kauri ta ɓangaren ruwa. Amma a duba inda ruwan da aka tare zai nufa, kada a juya shi gidan maƙwabci. Kuma buhu ba ya hana ruwan da ke ɓullowa ta rariyar tsakar gida, ita ma sai an toshe ta.

Mai gyaran wuta, Gyallesu
Da ruwa ya fara shigowa a kashe wutar gida daga babban makunni, da busasshen hannu, a tsaye kan busasshen wuri. In ruwan ya riga ya kai wurin, a bar shi. Wayar lantarkin da ta faɗo a sa a rai cewa da wuta a jikinta. Janareto kuma ba a shigar da shi ɗaki ko zaure don gudun ruwa, hayaƙinsa na kashe masu barci.

Ma'aikaciyar lafiya, Ƙofar Gayan
Sannunku da ƙoƙari. Aikinmu yana farawa ne bayan ruwan ya janye. Masai ya cika ya tumbatsa, ya gangara rijiya, kwana kaɗan sai amai da gudawa. Abin da ake so tsakanin masai da rijiya mita 30 ne, wanda gidajen birni da yawa ba su da shi, don haka a ɗaga bakin rijiya ya kai ƙugu, a yi mata daɓen siminti kewaye da murfi. Rijiyar da ambaliya ta shiga ba a shan ta sai an kwashe ruwan an zuba sinadarin kulorin. Kafin nan a tafasa ruwa ya yi minti ɗaya yana ɓararraka, ko a sa maganin tsarkake ruwa yadda aka rubuta a jikinsa, a jira minti 30. Alum yana kwantar da laka ne kawai, ba ya kashe ƙwayar cuta.

Kowane gida ya ajiye ORS, wato garin haɗa ruwan gishiri da sukari na masu gudawa. In babu, lita ɗaya ta tafasasshen ruwa, ƙaramin cokali 6 na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri, a zubar da ragowar bayan awa 24. Gudawa mai kama da ruwan shinkafa, ko yaro ya kasa sha, ko idonsa ya faɗa, asibiti kai tsaye ana ba shi ruwan a hanya.

Malamar Islamiyya, Tudun Wada
Malam Sakatare, duk abin da aka lissafa maza ne ke riƙe da shi, alhali in ruwan rana ne mata da yara ne a gida, kuma ɗan agaji ba zai faɗa gidan matan aure ba. A sa mace biyu a kowane layi cikin kwamiti. Su suka san gidan da ke da mai jego, da tsohuwar da ba ta tashi, da mai shan maganin hawan jini ko ciwon suga. A nuna wa matar gida inda makunnin wuta yake. Takardun gida da na makaranta da katin asibiti a ƙulle su a leda biyu a rataye sama, hatsi a ɗora kan benci. Zan kawo sunayen matan layinmu ranar Alhamis bayan La'asar, in Allah Ya kai mu.