Sau uku ina zuwa daji neman links ban ga komai ba, in koma ko in haƙura?

Baban Ilham: Assalamu alaikum 'yan uwa, don Allah a taimaka min da shawara. Shekarata huɗu a Miniyapolis, aikin dare nake yi, to bara wani abokin aikina ya nuna min hoton wata kyanwar daji da ya ɗauka a gefen titi can arewacin Minesota, links suke ce mata, mai tukkun baƙin gashi a saman kunnuwa da tafin ƙafa fankam-fankam, ni kuma da na dawo gida na yi suɓul da baka na ce wa 'yata zan ɗauko mata nawa hoton, yarinya kuwa ta riƙe maganar har ta je ta gaya wa malamarsu. Na sayi kyamara ta hannu, uwargida har yau ba ta daina yi min gorin kuɗin ba. Sau uku ina tuƙin sama da awa huɗu zuwa Grand Marais in hau titin Gunflint Trail, ban da barewa da hankaki ba abin da na gani. Hutu ɗaya ya rage min a Fabrairu.

Ɗan Duluth: Wa alaikumus salam. Ƙarfe nawa kake isa dajin? Ka faɗa min wannan kawai in gaya maka matsalarka.

Baban Ilham: Wajen 11 na safe, don daga wurin aiki nake wucewa, in juyo da la'asar.

Ɗan Duluth: To ai shi ke nan, shan iska kake zuwa malam. Dabbar nan da asuba da kuma gab da magariba ta fi motsi, kai kuma kana zuwa tana kwance cikin duhuwa. Ka kwana a can, ka fita kafin gari ya waye, washegarin da sabuwar dusar ƙanƙara ta sauka, ka tuƙa a hankali idonka na gefen hanya. Sawu za ka nema. Nata zagayayye ne, faɗinsa ya kusa inci 4, kuma ba ka ganin farce saboda kyanwa tana janye farcenta, in ka ga farce to kare ne ko kerkeci. Sannan ka bi abincinta, wato zomon nan da ke komawa fari fat da hunturu, inda ƙananan itatuwa suka yi cunkus ka ga sawun zomo ya yi kaca-kaca, nan za ka tsaya. Yawanta ma da na zomon yake hawa da sauka, kusan duk shekara 10.

Baban Ilham: Na gode, amma kuɗin otal fa? Kuma abokin nawa da rana tsaka ya ga tasa.

Ɗan Duluth: Sa'a ya taka. Ni shekarata 9 a yankin nan, sau biyu na gan ta.

Maman Sadiq: Hmm, ni dai uwargida nake tausayi. Haka maigidana ya tsiri kamun kifi a kan daskararren tafki, ya sayi tanti ya sayi na'urar huda ƙanƙara, sai da motarsa ta afka kwalbati muka biya kuɗin janwe, kifin da ya kawo ko miyar dare ɗaya bai isa ba. Ka kai yarinya gidan zu mana.

Baban Ilham: Maman Sadiq ai na ce mata a daji zan ɗauko, ban son ta fara ganin babanta na magana biyu.

Auwal Oakland: Yallaɓai ka bar wahalar sanyin nan ka zo Kalifoniya. A Point Reyes bobkat, wata kyanwar daji 'yar uwar links, na fitowa fili da rana tana dakon ɓerayen rami a makiyayar shanu, na taɓa zama cikin mota kusan rabin awa ina kallon wata, ko ta kaina ba ta bi ba. Dangi ɗaya ne ai, yarinya ina za ta gane?

Ɗan Duluth: Bobkat ɗin ma akwai ta a Minesota sai ya hau jirgi? Kuma bambancin a fili yake, ƙarshen jelar links baƙi ne ƙirin kamar an tsoma a tawada, na bobkat baƙi a sama fari a ƙasa, ga ƙafa ƙarama.

Baban Ilham: Wallahi za ta gane, ita ta koya min maganar jelar ma.

Sani Almeriya: Mu nan Sifen tamu links ɗin a 2002 yawanta bai kai 100 ba, yanzu ya haura 2,000, mutane na zuwa Andújar su kafa madubin hange a bakin hanya su wuni. Ni dai ban taɓa zuwa ba, mai gonar da nake wa aiki ko Lahadi ba ya ba mu, ga takarduna har yanzu shiru.

Habu Direba: Ka ɗaure kaza a gindin bishiya ka laɓe kawai.

Ɗan Duluth: Kar ka soma Habu. Tun shekarar 2000 gwamnatin Amurka ta sa links cikin dabbobin da doka ke karewa, kar ka ja wa bawan Allah jangwam yana zaman zamansa. Baban Ilham in ba za ka kwana ba ka sayar da kyamarar.

Baban Ilham: Ba zan sayar ba. Na fi tunanin in tashi ƙarfe 1 na dare in isa da asuba, ba sai na kama otal ba. Akwai mai ba ni aron mota mai jan ƙafa huɗu?

Maman Sadiq: Tuƙin dare a kan ƙanƙara, kai kaɗai? Uwargida ta san da wannan kuwa?