Sau uku ana dawo mini da babi na ɗaya: ku da kuka wuce nan, yaya kuka yi?

Ummi, Jekadafari

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina aji huɗu a fannin ilimi, kuma firojet ɗina a kan talla ne da yadda take shafar karatun 'yan mata a firamare a cikin garin Gombe. Sau uku ke nan ina kai babi na ɗaya ana dawo mini da shi. Na ƙarshen nan malamin ya ja layi da jan biro tun daga shafi na 1 har na 6, ya rubuta a gefe cewa har yanzu bai ga matsalar ba. Ni kuwa wallahi na yi ƙoƙari. Na faro daga zuwan boko Badagiri a 1842, na kawo shirin ilimin firamare ga kowa (UPE) na 1976, na zo kan shirin ilimin bai-ɗaya (UBE) na 1999 da dokarsa ta 2004. Abokan karatuna wasu har sun shiga babi na uku. Don Allah wanda ya taɓa shiga irin wannan ya faɗa mini yadda ya fita.

Abban Sadiq, Bolari

Wa alaikumus salam ƙanwata. Abin da ya same ki shi ya same ni, sai dai ni a fannin nazarin ƙasa ne, aikina a kan zaizayar ƙasa. Shimfiɗata ta ci shafi tara, duk bayanin sauyin yanayi a duniya da kwararowar hamada. Da na kai, sufabaiza bai ma buɗe shafi na biyu ba, sai ya tambaye ni: a ina ka taɓa ganin zaizayar nan da idonka? Na ce ai kwarin bayan unguwarmu duk damina sai ya ci katangar wani. Ya ce to wannan ita ce matsalarka, me ya hana ka rubuta ta?

Na koma gida na zauna. Na rubuta sakin layi uku kacal. Na farko, yadda ya kamata abu ya kasance, wato mutum ya gina gida ya zauna lafiya. Na biyu, abin da ke faruwa a zahiri a wurin da na zaɓa. Na uku, abin da masu binciken baya suka duba da kuma ɓangaren da suka bari, wanda shi ne zan shiga. A ranar ya sa hannu. Tarihin da kika kawo gaskiya ne, amma ba shi aka tambaye ki ba. Ki matse shi ya koma sakin layi biyu, ki gangaro da sauri daga Najeriya zuwa jiha, daga jiha zuwa makarantun da za ki shiga. Mai karatu ya isa ƙofar ajin kafin shafi na uku.

Maman Walida, Azare

Ummi, ki ji maganar Abban Sadiq. Ni abin da ya wahalar da ni manufofi ne. Na rubuta guda bakwai saboda ina ganin yawansu shi ne nuna ƙwazo. Malamata ta zaunar da ni a ofis ta ce, 'yata, kowace manufa bashi ce, a babi na huɗu za ki biya. In kin ce za ki yi abu bakwai, sai kin kawo tebur bakwai da amsa bakwai ranar kare aiki. Muka rage su zuwa uku.

Sannan ta nuna mini abin da ban taɓa lura da shi ba. Manufa ta ɗaya ita ce tambaya ta ɗaya, an juya ta kawai ta koma tambaya. Ta biyu da ta biyu, haka har ƙarshe. In akwai hasashe, shi ma ya bi wannan sahun. Ta kuma hana ni kalmar "fahimta" a manufa, ta ce da me za a auna cewa kin fahimta? Ki ce ganowa, ko kwatantawa, ko aunawa. Aikina a kan Guddiranci ne, karin harshenmu na ƙasar Katagum, to maimakon in ce zan fahimci karin, sai na ce zan kwatanta sunayen kayan gona a Guddiranci da na daidaitacciyar Hausa. Nan take aikin ya yi sauƙi, domin na san wa zan je in tambaya da abin da zan tambaye shi.

Ɗan Gwallameji

Ni zan faɗi nawa ne don kada wani ya maimaita. Lokacin da nake HND lokaci ya ƙure mini, sai na je shagon da ake buga takardu aka ba ni tsohon firojet mai kama da nawa, na kwashe shimfiɗar kusan dukanta. Ashe aikin tun kafin 1996 aka yi shi. A ciki an rubuta Gombe a matsayin ƙaramar hukuma a Jihar Bauchi, alhali tun ranar 1 ga Oktoba 1996 aka cire Gombe ta zama jiha mai ƙananan hukumomi 11, Bauchi ta tsaya da 20. Malamin ya karanta layin a gabana, ya ajiye takardar, ya ce in tafi in dawo da abin da ni na rubuta. Wata biyu na yi asara, kuma kunyar ta fi asarar ciwo.

Yanzu ma abin ya fi haka tsanani, don makarantu da yawa suna saka aiki a Turnitin a ga yawan abin da aka kwafo. Ki rubuta da Turancinki ko da bai kai na littafi ba. Kuskuren nahawu gyara shi ake yi, sata kuwa tana iya hana mutum fita da sa'o'insa.

Abban Sadiq, Bolari

Allah ya kyauta. Wannan ya tuna mini da maganar alƙaluma. Duk adadin da za ki saka a shimfiɗa ki faɗi shekararsa da inda ya fito. Ƙidayar jama'a ta ƙarshe da aka yi a ƙasar nan ta 2006 ce, ta ba Jihar Gombe mutum kusan miliyan 2.4. Duk wani adadi na bayan nan ƙiyasi ne, sai ki kira shi da sunansa.

Malam na Kumo

Na jima ina duba kundayen ɗalibai a kwalejin ilimi, kuma kafin nan ni ma an dawo mini da nawa babin lokacin digiri na biyu, har sau huɗu. Malama Ummi, ki kwantar da hankalinki. Malamin da ya ce bai ga matsala ba gata ya yi miki, domin da ya sa hannu haka nan, a babi na uku za ki tsaya cik ba ki san wa za ki raba wa takardar tambayoyi ba.

Taken naki ma ya yi faɗi. Garin Gombe makarantun firamare nawa ne a cikinsa? Da wane kuɗin Keke za ki zagaye su a zango guda? Ki ɗauki makarantu uku ko huɗu, ki ɗauki aji biyar da shida, ki ɗauki zangon karatu ɗaya. Wannan shi ne farfajiyar bincike, shingen da ke kika kafa da hannunki. Ɗalibai suna haɗa shi da cikas, alhali daban suke. Cikas shi ne abin da ya fi ƙarfinki kuma zai iya taɓa sakamakon, misali rajistar wata makaranta ba ta cika ba, ko wasu iyaye sun ƙi magana. Kusan kowane kundi da ya zo teburina an rubuta rashin kuɗi da ƙarancin lokaci a wurin nan. Wa ke da kuɗin? Ba shi ake nema ba.

Wajen muhimmancin bincike kuma, kada ki ce zai amfani gwamnati da al'umma baki ɗaya ki yi shiru. Ki kama suna: hedimasta zai san ranakun da yara suka fi ɓacewa, hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, wato SUBEB, za ta ga ko matsalar ta safe ce ko ta bayan tara, kwamitin iyaye zai san da wa zai zauna. Sai ma'anar kalmomi. Me kike nufi da talla a cikin aikinki? Yarinyar da ke fita da tire bayan an tashi makaranta tana ciki, ko sai wadda ke fashin aji? Ki yanke yanzu, don kada ki zo lissafi ki rasa inda za ki saka ta.

Anti Bilki, Fadaman Mada

Ni kam ra'ayina ya ɗan saɓa. Babi na ɗaya a ƙarshe na rubuta nawa na gaskiya. Sai da na karanta ayyukan wasu don babi na biyu sannan na gane ashe abin da nake kira giɓi, wato ɓangaren da na ɗauka masu binciken baya sun bari, an riga an cike shi tuntuni. Da na san haka da ban ɓata sati uku ina goge jimloli ba. Ki fara karatu tukuna, ko da maƙala goma ce ta shekarun nan.

Wani abu kuma, ƙanena ya sa wata manhajar ƙirƙirarriyar basira ta rubuta masa shimfiɗa. Ta kawo sunayen marubuta da shekaru tsaf, aka neme su aka rasa, ashe babu su a duniya. Duk sunan da ba ki riƙe takardarsa kin karanta ba, kada ya shiga babinki. Ki kuma tambayi sashenku salon kawo sunayen marubuta da suke bi, mu APA bugu na 7 aka ce mana, wanda ya fito a 2019.

Malam na Kumo

Hajiya Bilki, maganarki tana kan hanya, amma ba za a bar ɗalibi ya fita tattara bayanai ba sai an amince da manufofinsa. Abin da nake gaya wa nawa ɗaliban shi ne a rubuta shi sau biyu. Na farko don a san inda aka dosa, na biyu bayan an gama babi na biyar, a dawo a daidaita shi da abin da aka yi a zahiri, a kuma mayar da duk "za a yi" ta koma "an yi". Da yawa suna mantawa da wannan, sai ka ga kundi an ɗaure shi da bango amma babin farko yana cewa za a raba takardu.

Ummi, Jekadafari

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Jiya da safe na je makarantar da na yi tiicin firaktis, hedimasta ta ba ni rajistar aji biyar da shida na duba. Abin da na daɗe ina gani ban ɗauke shi bakin komai ba yana nan a rubuce: yaran da na sani suna talla ba fashin yini suke yi ba, da safe suna nan, bayan tara ne ake neman su a rasa. Ayyuka huɗu da na karanta zuwa yanzu duk a kan masu barin makaranta gaba ɗaya suka tsaya. Da wannan na sake rubuta bayanin matsalar a daren jiya, bai cika shafi ɗaya ba. Manufofi sun koma uku, makarantu uku.

Malam na Kumo, saura tambaya ɗaya kafin in kai ranar Litinin. Tunda zan kwatanta makin masu talla da na waɗanda ba sa yi, dole ne in saka hasashe, ko tambayoyin kaɗai sun wadatar?

Malam na Kumo

Ki saka guda ɗaya a kan wannan manufar kawai, a sigar kore: babu bambanci mai ma'ana tsakanin makin rukunin biyu. Za ki gwada shi a babi na huɗu a matakin 0.05, wato ma'aunin lissafin da ake yanke hukunci da shi ko bambancin mai ma'ana ne. Sauran manufofi biyun tambayoyi sun ishe su. Ki tafi da kwafin shafin rajistar a jaka, amma ki rufe sunayen yaran kafin ki nuna wa kowa.