Marsandi 300 SL Roadster da aka yi wa garambawul: har yanzu ita ce ta 1957?

Dillalin motoci: Assalamu alaikum. Na ga tallar wata Marsandi 300 SL Roadster ƙirar 1957, buɗaɗɗiyar nan mai kujeru biyu da rufin yadi, wadda masu sayarwa suke tinƙaho da cewa an warware ta ƙusa-ƙusa, an kankare tsohon fenti har farin ƙarfe ya fito, an ɗinka sabuwar fata a kujeru, an sauya launinta daga ruwan azurfa zuwa ja, sannan aka cire mata birkin ganga aka sa na faifai. A ganina motar da aka yi wa irin wannan aiki ta daina zama motar 1957. Sabuwa ce da aka haɗa kwanan nan aka bar mata tsohuwar lamba, kuma duk wanda ya biya kuɗin tsohuwa a kanta suna kawai aka sayar masa. Mai ja ya fito.

Tsohon bakanike: Wa alaikumus salam, Alhaji. Ina da ja, kuma daga ƙashin motar zan fara. Ita 300 SL ba a kan manyan ƙarafa biyu aka ɗora ta ba kamar yawancin motocin zamaninta. Firam ɗinta siraran bututun ƙarfe ne da aka haɗa da walda, kowane yana riƙe da ɗan'uwansa, shi ya sa take da ƙarfi ba tare da nauyi ba. Bututu kuwa daga ciki yake fara tsatsa, inda ido ba ya kaiwa, kuma ba za ka san halin da na ƙasa suke ciki ba sai ka ɗaga bodi gaba ɗaya. Motar da za ta iya kusantar kilomita 250 a awa, idan an sa wa ƙafafunta na baya giyar gudu, ba a barin ta a kan firam ɗin da ba a duba ba tun zamanin kakanni don kawai a ce ba a taɓa ta ba. Gidan ƙasa da ake yi wa yaɓe kafin kowace damina ba ya daina zama gidan kaka.

Dillalin motoci: Baba, yaɓe daban, rushe gida a sake gina shi da bulo daban. Abin da aka yi wa motar nan ya fi kusa da na biyu.

Malamar tarihi: Da izininku, zan so mu duba yadda motar ta samo asali, domin a ciki akwai abin da zai taimaki ɓangarorin biyu. Tushenta motar tsere ce ta 1952 da injiniya Rudolf Uhlenhaut ya jagoranci ƙerawa, wadda a shekarar ta lashe tseren awa 24 na Le Mans a Faransa da kuma Carrera Panamericana a Meziko. Max Hoffman, dillalin kamfanin Marsandi a birnin New York, shi ne ya matsa a yi ta titi domin attajiran Amurka, aka kuma nuna ta a can a watan Fabrairun 1954. Saboda bututun firam sun taso sosai a gefe, ba a samu wurin ƙofa irin ta kowa ba, sai aka yi ƙofofi masu ɗagawa sama, wato Gullwing, wadda aka ƙera guda 1,400 zuwa 1957. Tana da kyau, amma shiga cikinta aiki ne, gilashin ƙofa ba ya sauka, ciki yana zafi, kuma bayanta yana iya ƙwacewa idan direba ya saki totur a tsakiyar kwana. Roadster da aka gabatar a Geneva a watan Maris 1957 gyaran waɗannan matsaloli ce: an rage tsayin gefen firam aka samu ƙofa ta al'ada, aka sauke mahaɗar ƙafafun baya ƙasa tare da ƙarin sifirin domin ta zauna a kwana, aka rage tanki domin but ya samu fili. Daga 1957 zuwa 1963 an ƙera guda 1,858, kuma ba duka iri ɗaya ba ne. Rufin ƙarfe mai cirewa ya zo a 1958, birkin faifai a 1961, injin alminiyum a 1962. Saboda haka idan aka ce "ta asali", tilas a tambaya: ta wace shekara?

Dillalin motoci: Na gode, Malama, amma ni mutumin kasuwa ne, kuma kasuwa ta riga ta yanke hukunci. A 2018 an yi gwanjon wata Roadster ƙirar 1963 a Faransa wadda ba ta yi tafiyar kilomita 1,400 ba a rayuwarta, ba a taɓa yi mata garambawul ba, ta tashi sama da yuro miliyan 3, alhali waɗanda aka gyara suna sheƙi ba sa kaiwa nan. A 2024 an fito da wata Gullwing daga filin tsofaffin motoci a Los Angeles da ƙurarta da lotsewarta, aka saye ta sama da dala miliyan 9. A shekarar kuma, a baje kolin Pebble Beach na Kalifoniya, inda aka daɗe ana bai wa motocin da aka goge ƙal-ƙal babbar kyauta, sai ga Bugatti ƙirar 1934 da aka bar ta da tsufanta ta zo ta ɗaya, karo na farko da irinta ta yi haka. Masu kuɗin da suka san abin sun gane cewa tsohon fenti sau ɗaya ake samunsa, sabo kuwa duk mai kuɗi zai iya saye.

Injiniya: Ranka ya daɗe, misalan nan gaskiya ne, sai dai ba abin da kake so su tabbatar suke tabbatarwa ba. Gullwing ɗin Los Angeles ɗaya ce daga cikin guda 29 kacal da aka yi wa bodin alminiyum, don haka ƙarancinta aka saya, ba ƙurarta ba. Ta 1963 kuwa tana cikin rukunin ƙarshe masu birkin faifai da injin alminiyum, waɗanda ba su wuce ɗari biyu da 'yan kai ba, ga shi kuma kusan ba a tuƙa ta ba. Nawa ne cikin 1,858 suka samu irin wannan ajiya? Yawancinsu sun sha ruwan sama da gishirin da ake zubawa a tituna lokacin ƙanƙara, an yi musu fenti sau biyu ko uku a hannun wanda ya samu, wasu sun yi karo an miƙe su. Irin wannan mota babu wani "asali" da ya rage a fatarta da za a ce an lalata. Sannan akwai batun inji. Silinda shida ne, lita 3, ƙarfin doki 215 a ma'aunin Jamus, kuma ba kabureta gare shi ba: famfon Bosch ne yake fesa fetur kai tsaye cikin silinda, abin da ya sa ta yi fice a zamaninta. Aibinsa shi ne, idan aka kashe mota famfon yana ci gaba da fesawa har inji ya gama juyawa, fetur ɗin ya wanke bangon silinda ya gangara cikin baƙin mai ya tsinka shi. Shi ya sa ake juye baƙin mai a kusan kowace kilomita 1,600. Injin da ya yi shekaru a hannun wanda bai kula da wannan ba ya ci kansa, kuma babu wata soyayyar tarihi da za ta mayar masa da abin da ya goge.

Fanabita: Ni bodi nake bugawa, kuma a nan ina tare da Alhaji fiye da yadda Injiniya zai so. Wanda ya taɓa kankare tsohuwar mota ya san abin da ake zubarwa a ƙasa. A ƙarƙashin fenti akwai sawun hannun mutanen da suka yi ta: inda aka cike mahaɗa da dalma aka goge, inda walda ta ɗan karkace, inda ratar ƙofar dama ta ɗara ta hagu da kaurin farce. Mai garambawul na yau yana daidaita komai har ya wuce yadda ta fito daga masana'antar Sindelfingen ta Jamus, ya fesa fenti mai zurfin sheƙi da babu irinsa a 1957, ya goge cikin inji har mutum ya ga fuskarsa. Wannan kam ƙari ne a kan tarihi. Amma sauya launi bai dame ni sosai ba, domin fenti ana iya sake shi gobe. Fatar kujera ta farko ce ba ta dawowa, kuma sau da yawa da mai da haƙuri da ɗinki kaɗan za a iya ceto ta.

Wani ɗalibi: Gafara dai manya, ba ita ce motar da aka sayar yuro miliyan 135 a 2022 ba?

Malamar tarihi: A'a ɗana, waccan 300 SLR ce mai rufi ta 1955, mai silinda takwas, guda biyu kawai aka yi, kuma jinin motocin tsere ce, kamannin suna ne ya haɗa su. Mu koma kan tamu. Ni abin da ya fi tsaya mini a tallar da Alhaji ya kawo shi ne birki. Ƙungiyar FIVA ta duniya mai kula da tsofaffin motoci tana da ƙa'idar Turin, wadda ta fara aiki a 2013, kuma ba ta hana gyara ba. Abin da take nema shi ne a riƙe duk abin da za a iya riƙewa, a rubuta abin da aka sauya, kuma sauyin ya zama wanda za a iya warwarewa. Ɗaga bodi domin maye ruɓaɓɓen bututu yana cikin wannan. Ɗaukar birkin 1961 a sa wa motar 1957 kuwa cakuɗa shekaru ne, domin yana share ainihin abin da ya bambanta ta farko da ta ƙarshe. Idan kowa ya yi haka, nan gaba ba za a samu motar da za ta nuna yadda direban 1957 ya ji a ƙafarsa ba.

Injiniya: Malama, direban 1957 ba ya bin bayan motocin yau masu tsayawa nan take. Birkin ganga idan ya yi zafi a gangaren dutse yana sanyin kamu, kuma kamfanin da kansa ya ga haka ya sauya. Wanda zai tuƙa ta da iyalinsa a gefe yana da haƙƙin zaɓar abin da zai tsayar da shi.

Tsohon bakanike: Ɗana, gangunan nan manya ne, na alminiyum masu haƙarƙarin sanyaya, kuma idan aka daidaita su yadda ya kamata suna tsayar da mota sarai ga mai tuƙin hankali, mafi yawan masu kukansu ba su samu wanda ya iya saita su ba ne. Amma ko an sauya, ƙusoshi ne, ana kwancewa. Tambayar da zan yi wa mai sayarwa ita ce ko tsofaffin gangunan suna nan a akwati za su bi motar. Idan suna nan, Alhaji, hujjarka ta rage ƙarfi. Idan an zubar, ina bayanka a kan wannan gaɓa.

Dillalin motoci: Ban sauka daga maganata ba, Baba, domin ko an ajiye ganguna, fatar da fentin sun tafi. Abin da zan amince da shi kawai shi ne a sayar da ita da sunan abin da take, a kuma yi mata farashin gyararriya. Kamfanin yana ajiye da katin bayanin kowace mota a ma'ajiyarsa ta Jamus, mai ɗauke da launin da ta fito da shi da irin fatarta da lambar injinta. A nemo shi a ɗora kusa da lambar firam, wadda a Roadster take farawa da 198.042, a ga ko injin da ke cikinta shi ne ta baro masana'anta da shi. Tallar ta yi dogon bayani a kan sheƙin fenti, amma ko kalma ɗaya ba ta ce a kan lambar inji ba.

Fanabita: A kuma nemi hotunan aikin tun daga ranar da aka ɗaga bodi, musamman na bututun da ke ƙarƙashin ƙofofi kafin a fesa musu baƙin fenti. A nan ne za a ga ko guntu aka yanke aka maye, ko kuwa rabin firam ɗin sabo ne.