Wuraren wasa a unguwa da motsa jikin ƙananan yaran Latino a Amurka

Mai Nazari:
Assalamu alaikum. Ƙidayar Amurka ta 2020 ta nuna cewa 'yan asalin Latin Amurka, waɗanda ake kira Latino, sun haura miliyan 62, kuma kusan ɗaya cikin kowane yara huɗu na ƙasar nasu ne. Alƙaluman CDC, hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, na 2017 zuwa 2020 sun ce kashi 26.2 cikin ɗari na yaransu masu shekara 2 zuwa 19 suna da ƙiba fiye da kima, alhali a tsakanin yaran farar fata kashi 16.6 ne. Shin ƙarancin wuraren shaƙatawa a unguwanninsu ne yake hana ƙanana motsa jiki, ko akwai wani dalilin da ya fi wannan?

Baban Yara:
Wa alaikumus salam, Malama. Ƙarancin dai babu shakka a kansa. Ƙungiyar Trust for Public Land ta kiyasta cewa yara miliyan 28 a Amurka ba su da wurin shaƙatawa a tazarar tafiyar minti 10 daga gida, kuma a 2020 ta gano cewa filayen unguwannin da ba farar fata ne suka fi yawa a cikinsu ba, girmansu rabin na unguwannin farar fata ne, ga cunkoso kusan ninki biyar. Hukumar Lafiya ta Duniya tana son yaro mai shekara 3 zuwa 4 ya samu aƙalla minti 180 na motsa jiki a rana. Iyalin da ke haya a saman bene, ba tsakar gida, ina za su samo waɗannan mintuna in ba a filin unguwa ba?

Uwar Tagwaye:
Malam, ban musa alƙalumanka ba, sai dai kusancin fili kaɗai ba ya fito da kowa. Yaro ɗan shekara uku ba ya zuwa wasa shi kaɗai, sai an kai shi, saboda haka abin dubawa shi ne ko uwar ko kakar ta aminta da wurin. Idan babu fitilu, banɗakin a kulle yake, ko kuma sai an tsallaka babban titi da keken jariri, to filin da ke bayan gida ma tamkar babu shi ne. Iyaye da yawa aikin gini, gona ko gidan abinci suke yi, ba sa samun sarari sai da yamma, lokacin da tsoro ya fi yawa. Wannan ne ya sa shirin Parks After Dark, wanda gundumar Los Angeles ta fara a 2010, yake da ma'ana: ana barin wuraren a buɗe da dare lokacin zafi, da wasanni da masu tsaro.

Shi ma zafin babban lamari ne. A 2023 birnin Phoenix na jihar Arizona ya yi kwana 31 a jere kullum zafin rana yana kaiwa aƙalla digiri 43 a ma'aunin Celsius, kuma lilon da babu inuwa a kansa ƙona yaro yake yi. Sannan iyalan Latino sun saba zuwa da dangi gaba ɗaya, su yi gashin nama, a buga ƙwallo, a yi bikin ranar haihuwa. Wurin da babu teburi da inuwar da dattawa za su zauna ba zai riƙe su ba, komai kyan kayan wasansa.

Baban Yara:
Na gamsu, Hajiya. Tun da fili yana da tsada a birni, hanya mafi sauƙi ita ce buɗe filayen makarantu bayan an tashi, kamar yadda New York ta fara a 2007. Abin da ya fi jawo tsaiko shi ne wa zai biya mai gadi, kuma wa zai ɗauki alhaki idan yaro ya ji rauni.