Yaushe ake shuka tumatir a Houston?

Maman Ummi:
Assalamu alaikum 'yan uwa, don Allah masu lambu a bayan gida ku taimaka min. Na dasa tumatir a watan Mayu, ya yi ganye sosai har fure amma furen sai zubewa yake, ko ɗa ɗaya babu. Ƙasar ce ko ni ce ban iya ba?

Baba Manomi:
Wa alaikumus salam Hajiya, latti kika yi kawai. Texas ba kamar gida ba ce da ake jiran ruwan farko, nan tumatir ƙarshen Fabrairu zuwa tsakiyar Maris ake dasa shi, saboda da zafi ya haura digiri 32 dare ma ba sanyi to furen ba ya kamawa. Ki sake gwadawa a Agusta ki tsinka kafin hunturu.

Yar Katsina:
Gaskiya Baba ya faɗa. Ni dai lokacin zafi kuɓewa nake sawa, daga Afrilu, ita ba ruwanta da rana, kwana biyu ba ki tsinka ba ta zama itace wallahi. Yakuwa ma tana yi amma ba ta fure sai rana ta gajarta wajen Oktoba, in zoɓo kike so sai haƙuri.

Abu Sadiq:
Aunty ki lura da ƙasar ma, laka ce mai riƙe ruwa, ki haɗa akwatin katako ki zuba taki. Latas da karas da kabeji kuma sai Oktoba.

Maman Ummi:
Na gode, Allah ya saka. Irin yakuwar a ina kuke samu?